Darar Birnin da Ba a Komawa Baya

Godiya ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya yi hanya ya yi mai bin ta, ya yi tafiya ya kuma yi dawowa. Bayan haka, ku da kuka zauna, ku gyara zama. Ni ne Tunau ɗan Nomau, mai tufkar igiya a Tungar Marke, kuma abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ba a kasuwa na tsinto shi ba. Wanda bai gaskata ba ban riƙe shi a zuci ba, domin ni ma da wani ne ya ba ni labarin nan da na yi masa dariya.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da wana Arzika. Shi Allah ya ba shi zuciya da hannun dara. A garuruwa bakwai da ke kewaye da mu ba wanda ke zama gabansa ya tashi da murmushi. Yana dara yana waƙa, yana buga ɗa cikin gurbi kamar mai kashe kunama. Ni kuwa tun ina yaro ba na tsallake kwata sai na ga wani ya tsallake lafiya, shi ya sa yake kirana Kunkuru. Ina jin haushin sunan, amma in ya kwana biyu bai faɗa ba sai in ji gidan ya yi mini faɗi.

Wata shekara fatake suka sauka garinmu da labarin Birnin Kurmutu, can bayan Tafkin Gishiri. Suka ce akwai wata dara a birnin da aka shata ta bisa wani tsohon yaƙi, kuma tun da aka fara ta ba mai rai da ya taɓa cin ta. Arzika bai bari sun gama shan fura ba ya tashi ya ɗaura wa jakinsa mangala. Ya ce da Inna kafin a yanke gero ya dawo.

Aka yanke gero sau bakwai. Ni na san ya kamata in bi sawunsa tun a shekara ta biyu, tsoro ne ya zaunar da ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai da idon Inna ya fara rufewa, rannan ta kira ni ta kama hannuna.

Ta ce, "Tunau, ban ce ka fi shi zuciya ba. Kai kaɗai ne ya rage mini in aika."

Na ɗauki igiyata mafi tsawo, gaba ɗari biyu, da turke guda, na fita.

Ba zan tsaya ƙirga muku dazuzzukan da na keta ba. Na bi ta wani kwazazzabo da amsa-kuwwarsa ba ta maimaita abin da mutum ya faɗa, sai abin da ya ɓoye a ciki. Na ɗaga murya na kira Arzika, dutse ya amsa mini da muryata, "Koma gida." Na ji kunya ƙwarai, ko da yake ba kowa a wurin sai ƙadangaru. Daga nan ban ƙara buɗe baki ba har na fita.

Bayan wata tara na iso Tafkin Gishiri. Fari ne fat, ba itace, ba tudu, kuma sawun mutum yana rufewa da zarar ya ɗaga ƙafa. Mai tafiya sai ya yi ta zagaye yana zaton gaba yake ci, har ruwansa ya ƙare. Na ga ƙasusuwan irinsu a baki-baki, wani ma da takalmansa. Na zauna na yi tunani. Duk mai tufka ya san igiya ba ta tsawo sai mai ita yana ja da baya. Sai na kafa turke, na ɗaura igiya, na riƙa tafiya da baya ina kallon miƙewarta. In ta ƙare sai in shata layi da ƙafa daidai da ita, in fizgo turken, in sake kafawa. Kwana uku ina haka. Na ƙetare tafkin nan ina fuskantar inda na fito, sai da diddigena ya taɓa ciyawa sannan na juya na ga ganuwar Kurmutu.

Mai gadin ƙofa ya karɓe ni da fara'ar da ta wuce kima, har ya ba ni ruwa kafin in roƙa. Ya ce, "Baƙo, ka sani wannan ƙofar shiga ce. Ta fita tana can yamma, tafiyar rabin yini. A garin nan ba a komawa ta inda aka biyo."

Na zaci zance ne, ashe gaskiya ce tsirara. Kowane gida ƙofa biyu gare shi, kowane ɗaki haka. In mutum ya manta da hularsa sai ya zagaye unguwa kaf ya sake shigowa ta gaba. Na ga wata mata kallabinta ya faɗi taku biyu a bayanta, ta ci gaba da tafiyarta kai ba ɗauri. Ba sa kiwon rago ko ɗaya, wai don yakan ja da baya kafin ya yi karo. Da farko dariya abin ya ba ni. Da na lura ba yaron da ke wasan guje-guje a garin, sai na daina dariyar.

Da rana ta take tsaka sai kasuwa ta yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Na hau ganuwa na duba gabas ta kudu, inda wani busasshen kogi ya ratsa fili. Cikin kawalwalniya na hango mutane tsaye, sahu-sahu, da masu da garkuwa. Na wannan gaɓa baƙaƙen kaya gare su, na waccan jajaye. Ba mai motsi, ba mai magana, kuma rana na dukansu amma ba wanda ke da inuwa. A sahun gaba na baƙaƙen, dab da bakin kogi, akwai wani da ba shi da mashi, sanye da shuɗiyar riga. Ni na san rigar nan, Inna ce ta kaɗa zarenta.

Aka kai ni wurin Magajiya Tasalla, tsohuwar da ke kula da darar. Doguwa ce, busasshiya, idonta ba ya ƙiftawa da wuri. Ta kai ni gindin wata tsamiya kusa da ƙofar shiga, inda wani falalen dutse yake da gurabe an fafe a jikinsa. Wani kwari ya raba shi biyu, shi ne kogin. A tsakiyar kwarin gurbi ɗaya ne tak.

Ta ce, "Wannan shi ne mashigi. Nan kakanninmu suka gamu da Jajaye. Sun rantse ba mai juya baya, suka shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dawo. Su ashirin ne, Jajaye arba'in. Tun ranar ba su kwanta ba, su da abokan gabarsu. Duk shekara bakwai Madawakin Jajaye yakan zo ya zauna can, a sake yaƙin a kan dutsen nan. Ranar da muka ci, kowa zai tafi makwancinsa."

Na ce, "Wanda aka cinye fa, Iya?"

"A ba shi gurbi. Yawa suka fi mu, saboda haka duk wanda ya buga ya faɗi yakan zama ɗa, ya ƙara mana ƙarfi. Yanzu muna talatin da tara. Saura ɗaya mu yi daidai da su."

Ta faɗi haka tana kallona kamar mai duba akuyar da za ta saya. Na dubi gefen gari, sahu biyar ne, kowane gurbi takwas, duk a cike da 'ya'yan dara na itacen ƙirya masu tsawon ɗan yatsa. Gurbi ɗaya ne kawai ba kowa, a sahu na biyu, bayan ɗan da ke bakin mashigi. Ban tambayi wa aka bar wa shi ba.

Na roƙi izini na taɓa 'ya'yan. Duk sanyi ƙalau suke kamar randa. Da na zo kan na bakin mashigi sai na ji ɗumi, kuma wani abu na bugawa a hankali ƙarƙashin yatsana. Na gane Arzika ne.

Magajiya ta ce, "Shi ne na ƙarshe da ya buga. Bai taɓa shiga mashigi ba tukuna, shi ya sa da sauran ɗumi. Da zarar an ci shi sau ɗaya zai huce kamar sauran. Baƙi muke sawa a gaba, girmamawa ce."

Na ce, "Wana ne. Ni zan buga bana."

Saura kwana tara a yi darar. Ta koya mini dokokinta, guda uku ne. Ɗa taku ɗaya yake yi. Wanda abokan gaba suka sa a tsakiya, dama da hagu, an ci shi. In yi ya zo kanka dole ka motsa wani, ba a cewa na haƙura. Na tambaye ta wani ƙoƙo da na gani a gefen Jajaye, ta ce guzurinsu ne, ƙwayar dawa sittin, duk yin da Madawaki ya yi sai ya jefar da ɗaya.

"In ta ƙare fa?"

Ta taɓe baki. "Ba a taɓa ganin gindin ƙoƙon nan ba. Ko goma ba ya jefarwa an gama. Jira aikin ungulu ne."

Na koma masaukina na haƙa gurabe a ƙasa, na jera tsakuwa da ƙwallon dabino, na yi ta bugawa ni da kaina. Ni ba gwani ba ne, abin da na sani na dara a bayan kafaɗar Arzika na tsince shi. Amma ko makaho ya shafa dutsen nan zai gane cewa mai fita daga mashigi mutum biyu ke jiransa, dama da hagu. Ko dubu ne ku, ɗai-ɗai za ku fito, ɗai-ɗai za a ci ku. A kwana na huɗu na ga abin da ya fi wannan muni. Gefen gari ƙunci gare shi. Lokacin da suke ashirin suna da filin motsawa kafin dole ta tura su ruwa. Duk ɗan da aka ƙara, gurbi ɗaya ya toshe. Mutanen nan shekara ɗari da talatin da uku suna cusa 'ya'yan mutane cikin dutse don su daidaita dara, alhali kowane ɗaya ƙara matse su yake yi. In na zama na arba'in, mai bugawa na gaba ba shi da wani motsi sai mashigi tun daga yin farko.

Na kuma tsaya a kan ƙoƙon. Wanda ya shata darar nan ba wawa ba ne. Ba zai ba Jajaye yawa da faɗin fili ba, ya bar gari hannu rabbana. Ya ba su ƙarfi, ya kuma ba su ciki mai jin yunwa. To me ya ba gari? Na kwana biyar ina juya wannan, ban yarda na tambayi kowa a birnin ba.

Ranar ta zo. Gari kaf ya taru a gindin tsamiya tun hantsi. Da inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa sai iska ta ɗauke, na ɗaga kai na ga mutum zaune a gabana, ban ga zuwansa ba. Tsoho ne da jar alkyabba da ta koɗe, lakar kogi ta bushe a ƙafafunsa. Fuskarsa ba ta mugu ba ce. Gajiya ce a cikinta irin wadda ban taɓa gani a fuskar mai rai ba.

Na rasa gaisuwar da ake yi wa wanda ya riga ya mutu. Ranka ya daɗe ba ta dace ba. Sai na durƙusa na ce, "Sannu da haƙuri, Baba."

Jama'a suka yi gunaguni, domin ba a yi masa magana. Ya ɗago ido ya dube ni.

Na ce, "Ni baƙo ne, matambayi kuwa ba ya ɓata. A dokar darar nan, akwai abin da ya hana ɗa komawa baya?"

 Muryarsa da ta fito kamar daga cikin rijiya take. "Sau goma sha tara ina zama a nan. Ba wanda ya tambaye ni. Babu."

"In dawarka ta ƙare fa?"

"Rundunar da abincinta ya ƙare gida take komawa, gari ya ci. Mu ma muna da gida, ɗan nan."

Jajaye ke fara yi, Madawaki ya matsar da ɗa ya jefa ƙwaya ta farko. Na sa yatsa biyu na ɗauki Arzika, ɗuminsa na ratsa hannuna, na mayar da shi gurbin da aka bar mini. Can a fili, cikin kawalwalniya, mai shuɗiyar riga ya ja taku ɗaya da baya.

Wata irin ƙara ta fito daga bakin taron, ba ihu ba, kamar nishin wanda aka taka wa gyambo. Mata suka rufe idanun 'ya'yansu. Madawaki ya matsar da wani ɗansa a can sahun baya, ya ɗauki ƙwayar dawa ya jefa a ƙasa. Bai shigo mashigi ba, ya san abin da ke jiran mai fitowa ta gefenmu. Na mayar da Arzika gaba. Ya jefa ta uku. Na dawo da shi baya.

Haka muka yi ta yi, kuma rana ta ƙi gusawa daga tsaka. Wani dattijo ya tofa yawu kusa da ƙafata ya ce, "Wannan ba dara ba ce, rawar 'yan tsoro ce."

Na ce, "Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, Baba."

Ya ce, "Shi ya sa muka yanka namu."

Na mayar da hankalina kan dutsen. A ƙwaya ta ashirin na fara jin muryar Arzika duk lokacin da na taɓa shi, siririya, a cikin ƙashin hannuna. "Kunkuru, kai ne? Me kake yi da ni? Suna kallona." Na ce a zuci, yi haƙuri, Yaya, bar su su kalla. A ta talatin ya daina faɗa. A ta arba'in sai na ji yana ƙirgawa tare da ni. A fili kuwa Jajaye sun fara sauke garkuwoyinsu, wasu suna waiwayen gabas. Har cikin baƙaƙen na ga wani ya jingina da mashinsa kamar manomi a ƙarshen kunya.

Magajiya Tasalla tana tsaye a kaina tun farko. Da aka kai hamsin ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ka ga na uku daga dama, a sahu na biyu? Ɗana ne, Jatau. Shekarar da ba a sami baƙo ba ƙuri'a ta faɗa kansa. Ni na koya masa darar nan da bakina. Ni na ce masa ba a komawa baya."

Na ce, "Iya, saura goma ya huta."

"In ka ci da wannan, to zama kawai ake bukata tun farko. Ka gaya mini don me ɗana ya mutu."

 Ta miƙe ta ratsa taron ta tafi. Na yi zaton ta kasa kallo ne, har na ji tausayinta.

Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas. Madawaki ya jefa ta hamsin da tara, ya kife ƙoƙon a tafin hannunsa, ƙwaya ɗaya ta faɗo. Ya riƙe ta tsakanin yatsunsa. Arzika yana bakin mashigi, yina ne. Na ɗaga shi.

A daidai nan Magajiya ta ɓullo ta ɗaya gefen tsamiyar, ta zagayo kamar yadda suke yi, da taɓarya a hannunta. Ta tsaya a kan dutsen, ta ɗaga taɓaryar da hannu biyu saitin gurbin nan guda da ba kowa.

Ta ce, "Ajiye shi."

Ba wanda ya hana ta. Na dubi fuskokin mutanen, na ga duk abin da suke so ke nan. Gurbi biyu kaɗai ɗan da ke hannuna zai iya shiga. Na gaba mashigi ne, inda za a ci shi ya huce. Na baya kuwa taɓarya ce ke jiransa. Gaba kura, baya sayaki, kuma wanda ya ɗaga ɗa ba ya canza wani.

Madawaki ya ce, "Ajiye shi a baya, ɗan nan. Da ya taɓa gurbi yinka ya cika, ko ta farfasa shi. Ni kuma in saki wannan." Ya nuna mini ƙwayar. "Mutum saba'in da takwas ke jiran hannunka, ni ne na saba'in da tara. Na bar matata da ciki. Ina roƙonka."

Na dubi fili. Dukansu sun juyo suna kallona, baƙaƙe da jajaye, waɗanda suka fi shekara ɗari a tsaye cikin rana. Na san abin da ya kamata. Da Arzika ne a wurina, ina jin da ya ajiye ni, kuma da ban ga laifinsa ba. Amma abin nan yana bugawa a tafin hannuna, kuma Inna ba saba'in da tara ta aike ni in kawo ba.

Na dunƙule hannu, na tashi, na zura da gudu ta ƙofar shiga.

Taron ya biyo ni har bakin ƙofa ya tsaya cik. Mai gadi yana da mashi, taku uku ne tsakaninmu, amma ƙafarsa ta ƙi ƙetare dokin ƙofar. Sai suka kwasa yamma, su keta gari su fita ta ƙofar fita su zagayo ganuwa. Kafin su iso na yi nisa cikin gishiri. Abin da na ji a bayana ba ihunsu ba ne. Muryar tsohon nan ce, ba da ƙarfi ba, yana cewa, "Yinka ne, ɗan nan. Yinka ne."

Da na taka ciyawar wannan gaɓar tafkin sai hannuna ya yi nauyi, na faɗi, Arzika ya faɗo a kaina da shuɗiyar rigarsa, mutum sosai da ƙashi da tsoka. Na rungume shi na yi kuka har na ji kunya. Ya dafa kaina ya ce, "Kunkuru, ashe kana gudu."

Muka iso gida bayan shekara. Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta gane shi, ta rayu damina uku tana jin muryarsa a tsakar gida. Wannan kam na samu, ba mai ƙwace mini shi.

Sai dai Arzika bai ƙara taɓa dara ba. Yana ci, yana sha, yana taya ni tufka, da safe har ba'a yake yi. Amma tun a hanya na lura yana taka ƙasa a hankali, kamar mai laluben matakala. Na tambaye shi, ya ce ba ya jin ta. Yana ganin ƙafarsa a ƙasa, amma shi a ransa a sama yake, tsakanin yatsu biyu. Na kai shi wurin malamai da masu magani, kowa ya yi iyakar yinsa. Ni na san ciwon. Darar ba ta ƙare ba. Tsohon nan yana can gindin tsamiya da ƙwayarsa, rundunoni biyu suna tsaye, ɗan da aka ɗaga kuma ba a ajiye shi ba. Wani lokaci nakan lallashi kaina da cewa tun da ba a gama wannan ba, ba za a fara wata ba, ba kuma baƙon da za a ƙara ba wa gurbi. Wataƙila haka ne. Ba don wannan na gudu ba, kuma ba zan ari alherin da ban yi niyya ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Gemuna ya yi fari, nasa ko gashi ɗaya bai canza ba. Kullum in rana ta take tsaka sai ya bar abin da yake yi, ya miƙe tsaye a tsakar gida, ya kasa kunne gabas. Jiya ma haka ya yi. Na je na kama shi in zaunar da shi a inuwa, ya dube ni ba da fushi ba.

Ya ce, "Suna nan tsaye, Tunau. Ina jin numfashinsu."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Kai ma ka tsufa. In ka mutu ina hannunka, wa zai ajiye ni?"

Na ja hannun rigarsa wajen inuwa.

Ya ce, "Hannunka bai gaji ba?"

Na ce masa bai gaji ba. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya bar ni na zaunar da shi.

Nan hikayata ta tsaya. Ban ce ta ƙare ba, domin har yanzu yina ne.